Kwalabe Ashirin da Huɗu a Gindin Randa

Lahadi, 4 ga Satumba 1994, bayan La'asar

Bismillahi. Ɗiyar Balaraba ta iso jiya da rana. Ni na haife ta, ita ce ta farina, amma haka nake kiranta tun tana goye, haka kuma zan rubuta ko a nan inda ba mai gani sai Allah. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta tambayarsa abin da ke damunsa. Da aka yaye ta aka miƙa wa Yaya Balaraba, yayar Malam maigidana, lokacin tana aikin unguwarzoma a Warra kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ban yi kuka gaban kowa ba. An yaba mini ƙwarai.

An rufe jami'arsu, malamai na yajin aiki, ɗakin bincikensu ya yi mako uku babu wuta. Ta zo da jakar tufafi ɗaya da wani ɗan akwatin katako wanda ta rungume a cinya har tashar Yelwa. Ba nan ta sauka ba. Gidan Yaya Balaraba ta sauka, lungu biyu daga nan. An ce don can akwai firijin kananzir.

Yau ta zo gaisuwa. Ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, mun same ku lafiya?" Na amsa wa tabarma na ce lafiya lau. Gwaggo take ce mini, Inna take ce wa Balaraba. Da wasa aka fara tana shekara uku, ya zauna har yau tana da talatin da ɗaya.

Ta rame. Ta gefen ido na ga wuyanta. Na yi tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, ta ci loma uku ta ce Inna na jiranta da abinci.

Talata, 6 ga Satumba, bayan Azahar

Ta zo wajen babanta. Malam Shu'aibu na tsakar gida yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ni ina bayan zana ina tsintar shinkafa. Shi uba ba ruwansa, hirarsa yake da ita kamar abokinsa.

Ya ce, "To Likita, wai mi ke cikin akwatin nan da ya fi ubanki samun sanyi?"

Ta yi dariya ta ce 'yan ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya sunansu, suna zaune cikin kwalabe ashirin da huɗu. Ta jawo zaren komarsa ta miƙe shi a ƙasa.

"Baba, cikin kowace ƙwaya akwai zare kamar wannan, a kansa akwai rubutu, haruffa huɗu ne kacal ake ta juyawa. Akwai wani ɗan ma'aikaci, ribosom, da ke bin zaren yana karantawa uku-uku. Kowane uku ya ɗauko tubali ɗaya ya ɗora, har ya gina abin da ƙwayar ke buƙata. To akwai wurin da harafi guda ke jeruwa har sau shida, kamar gangaren bakin ruwa bayan an yi ruwan sama. Gaba kaɗan kuma zaren ya ƙulle. Sai ya zo ya ci karo da ƙullin ya tsaya, ƙafarsa kan santsi, ya zame baya taki ɗaya. Daga nan duk ukun da zai ɗauka ba na da ba ne. Wani abu dabam zai gina."

"Wato ya ɓata aiki."

"A'a. Ƙwayar tana son duka biyun. Wani zuwan ya zame, wani zuwan ya wuce lafiya. Santsin da ƙullin alama ce aka aje mishi."

Malam ya ce, "Ni in na zame bakin ruwa dariya ake mini, ke kuma digiri za a ba ki."

Ta ce kowace kwalba da irin nata. Wata ta ƙara mata tsawon santsi, wata ta sassauta mata ƙulli, don ta ga wanne ke sa zamewa. In ta shuka su kan faranti, masu yawan zamewa sai su yi shuɗi kamar an tsoma su a marina. Shekara biyu ta yi a ƙasar waje tana haɗa su, nan babu kayan haɗa wasu. In sun lalace, karatun ya lalace.

Na gane, kuma na riga Malam ganewa. Duk mai kitso ta san wannan: uku-uku ake tafiya, in kika ɗauko sili ɗaya daga gefe, layin ya karkace har ƙeya. Tambaya ta zo mini har bakin leɓe. In wani zuwan ya zame wani ya wuce, mi ke ƙayyade sau nawa? Na haɗiye ta.

Sai na ji ta ce, "Inna ma da na yi mata bayani daren jiya, cewa ta yi kamar haihuwar da ɗa ke zuwa ta ƙafa."

Ashe an riga an yi bayanin a can. Namu ɗumame ne.

Alhamis, 8 ga Satumba, da hantsi

Ita da Yaya Balaraba sun wuce ta ƙofar gida za su bakin ruwa sayen kifi, zanensu iri ɗaya. Ita ta sayo musu. Ni ma ta kawo mini turmi, mai kyau ne, ya ma fi nasu tsada. Ba iri ɗaya ba ne dai.

Astagfirullah.

Juma'a, 9 ga Satumba, bayan La'asar

Na kai wa Yaya Balaraba fura. Firijin na tsakiyar ɗaki, ta shimfiɗa masa leshi a kai kamar ango. Makullinsa na wuyanta.

Ta ce, "Zulai, zo ki gaida jikokina." Ta buɗe ta nuna mini akwatin ta rufe da sauri. "Ba a barinsu su sha iska. Ni kaɗai ta yarda in taɓa."

Na ce Allah ya raya. Ɗiyar tata tana kan gado da littattafanta, ƙafarta ɗaya kan cinyar Balaraba ana matsa mata. Da ta gan ni ta janye ƙafar ta gyara zama. Janyewar nan ta fi komai ci mini rai. Baƙuwa ake gyara wa zama.

Ba ni da abin da zan ce a kan Yaya Balaraba. Ta yi goyo, ta yi jinyar ƙyanda, ta tsaya har aka bar yarinya ta yi boko. Na san duk wannan, kullum ina lissafa wa kaina shi bayan salla.

Litinin, 12 ga Satumba, bayan Azahar

Kananzir ya ɓace a garin nan ƙaf. Malam ya nema har wajen masu jiragen Warra, ko kwalba babu. Firijin ya mutu tun jiya. Ta zo ta tsaya tsakar gida tana gaya wa babanta. Ta ce ba ƙanƙara suke so ba, sanyi dai daidai, kada zafi ya dafa su.

Ina kwasar tuwo. Na ce wa tukunya, "Gindin randata dai ko a bazara hannu na sanyi. Yashi ne jiƙaƙƙe, rana ba ta shiga. In wani na da buƙata."

Malam ya ce, "Kin ji abin da tukunya ta ce."

Ta shiga ɗakina ta tsuguna ta sa hannu cikin yashin ta daɗe. Ta fito ta ce wa babanta zai yi.

Na ƙona tuwon.

Talata, 13 ga Satumba, da hantsi

Sun zo. Yaya Balaraba ce ta ɗauko akwatin da kanta, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul ɗinta mai ruwan ɗorawa, tana tafe tana ƙorafi wai an raba ta da jikoki an kai su ƙauye. An aza shi kan bulo biyu tsakanin randa da bango.

Gobe ɗiyar Balaraba za ta Birnin Kebbi neman takardar tallafin karatu. Tun da aka yanke mu daga Sakkwato ba a san inda fayil ɗinta ya kwana ba. Ta samu wuri a motar albasa, kwana uku za ta yi. A ƙofa na ji tana yi wa Balaraba ƙus-ƙus, "Inna, kin dai tuna abin da na ce." Ni ba a ce mini komai ba. Sai da safe, Gwaggo, shi ke nan.

Amma a ɗakina suke.

Laraba, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Na buɗe na duba su, sau uku yau. 'Yan kwalabe ne kamar na turare, jeri huɗu, shida-shida, kowace a raminta. Ciki wani abu ne kamar daskararren koko, da ɗan fari-fari a tsakiya. Kowace da 'yar takarda manne da rubutun hannunta. Ban iya boko ba, amma na daɗe ina kallon rubutun, ƙanana ne a tsaye kamar na mai tsoron ɓata wuri. Haka nawa ajamin yake. Ba duka suka yi kama ba in an lura. Akwai mai tsagaggen murfi, akwai mai kumfa guda a gefe, akwai biyu masu baƙin murfi.

Yaya Balaraba ta zo dubiya ta tarar ina alwala.

Ta ce, "Zulai, kin kuwa san asalin baƙin naki?"

Na ce ƙasar waje.

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Hanjin ɗan Adam. Abin da ke fita in mutum ya zaga bayan gida, can kakanninsu suke. Ke da ke wanke buta kafin ki wanke hannu, ga su nan kafaɗa da kafaɗa da ruwan alwalarki. Ni dai unguwarzoma ce, na saba. In ba ki iyawa ki faɗi, in maida abina."

Na ce ina iyawa.

Alhamis, 15 ga Satumba, bayan Azahar

Na tambayi Malam hukuncin najasa cikin kwalba rufaffiya. Ya ce ai kamar ƙwai ne, abin da ke ciki na ciki. Na ce bayan kwalbar fa, wanda aka taɓa da hannun da ya zuba? Ya ce, "Zulai, ki bar wa Allah wani aikin."

Na taɓa su jiya sau uku, na taɓa moɗa, na taɓa sallaya. Na sake sallolin jiya duka. Na canza ruwan randa. Zuciyata ba ta kwanta ba.

In na tambayi Yaya Balaraba yadda ake tsabtace su, ta samu abin da take so, kafin Magariba akwatin ya koma. Ita kuwa mai su, ko tana nan ba ni da bakin tambayarta.

Juma'a, 16 ga Satumba, da hantsi

Niyyata tsarki ce. Bayansu kawai, ban buɗe ko ɗaya ba. Kwalaben asibiti nawa na wanke a rayuwata takardarsu ba ta motsa ba.

Juma'a, bayan Azahar

Na bar su cikin kwano ne don sabulun ya kama, na tashi na kai wa Malam ruwan wanka. Ban fi haka ba.

Na zubar da ruwan bayan ɗaki, ya yi shuɗi-shuɗi. Na tsince abin da ya rage na takardun da yatsa, kamar jiƙaƙƙen tuwo, na zuba cikin akwatin. Na jera su, amma ban san wace ce ta wane rami ba.

Na mayar da tawul ɗin Yaya Balaraba yadda yake. Na ƙara jiƙa shi sosai, har yana ɗiga ciki.

Wannan na ƙarshen ba tsarki ba ne.

Asabar, 17 ga Satumba, bayan La'asar

Ta dawo, ba ta samu takardar ba. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce gindin randa, Balaraba na biye da ita. Ina bakin gado da carbi.

Ta warware tawul, ruwa ya zubo. Ta buɗe. Ta ɗauko ɗaya ta juya, ta ɗauko wata. Ta zauna dirshan kan yashin.

Da ta yi magana a hankali ta yi. "Inna, mi na ce miki? Na ce ko ɗigo kada ya taɓa takardun. Sau biyu na faɗi. Na ce ki sa leda kafin tawul."

Balaraba ta ce, "Na matse shi, uwata."

"Ga matsewa nan." Ta ɗaga tawul ɗin yana tsiyaya. "Suna raye, amma ban san wace ce wace ba. Ashirin da huɗu, duk fuskarsu ɗaya. Kin san mi wannan ke nufi? Kamar a haifi jarirai ashirin da huɗu dare ɗaya a cire musu zaren hannu. Ke ya kamata ki fi kowa sani."

Yaya Balaraba ta dubi tawul, ta ɗauka ta kai hanci. Sannan ta dube ni. Na dubi carbina. Ta ce, "To, ki yi haƙuri," ta fita.

Ban ce komai ba. Ai ni ba a san ni da magana gabanta ba, kowa ya shaida.

Lahadi, 18 ga Satumba, da hantsi

A nan ta kwana. Ta aika Malam ya kwaso mata jakarta.

Talata, 20 ga Satumba, bayan Azahar

Kwana uku. Na san yanzu ba ta son kuɓewa, tana son ƙanzo. Tana murza kunnen hagu in tana tunani, kamar Innata. Da safe ba ta magana sai ta sha ruwan zafi. Shekara talatin da ɗaya wata ce ta san waɗannan.

Tana zaune da littafinta na aiki tana lissafi. Ta gaya wa babanta in aka buɗe jami'a za ta shuka kowace ta duba shuɗinta, za ta gane masu zamewa da yawa da marasa zamewa sam. Amma na tsakiya, kusan goma sha biyar, shuɗinsu ya yi kusa da juna, sai an karanta zarensu harafi-harafi, kuma na'urar wannan tana ƙasar waje. Shekara guda ta tafi, in an yi sa'a.

Yau ta kwance kanta ta ce wa babanta ko akwai mai kitso kusa. Malam ya ce, "Ga tukunya nan, ta iya." Ta zo ta zauna gabana ta ba ni baya. Tun ranar yaye ban taɓa kanta ba. Tana da furfura biyu a ƙeya.

Da yake bayanta nake gani ba fuska ba, sai bakina ya buɗe. Na ce wa tsagar kitso, "Wai shi mai zamewar nan, mi ke ƙayyade masa sau nawa?"

Ta juyo har silin ya kuɓuce mini. "Gwaggo, kin ji bayanin?"

Na ce zana ba bango ba ce.

Ta ce tambayar nan ita ce karatunta gaba ɗaya. Ƙarfin ƙullin ne da tsawon santsin, da wata alama kuma da ke bayansa tana riƙe masa riga. A wani wurin rabi da rabi ne, kusan cif. Ta yi ta magana har na gama kan. Ta ce ko Inna ba ta taɓa tambayar wannan ba.

Na ji daɗi. Na rubuta don kada in yi wa kaina ƙarya ran gobe. Daɗin da ban taɓa ji ba na ji, kuma na san da mi na saye shi.

Laraba, 21 ga Satumba, bayan La'asar

Yaya Balaraba ta aiko da dambun kifi. Ta ce a mayar.

Shaiɗan ya kawo mini wata magana ina salla, wai tun da ƙwayar ma an rubuta mata zamewa don amfaninta, wataƙila tawa haka take. Na yi a'uziyya. Ita ƙwayar ba ta jiƙa tawul ɗin kowa ba.

Alhamis, 22 ga Satumba, da hantsi

Ta bi Malam bakin ruwa shan iska. Suna fita Yaya Balaraba ta shigo, ba sallamar kirki. Ta zauna kan turmi. Idanunta sun faɗa.

Ta ce, "Ni sabulun kanti nake wanki da shi. Tawul ɗina sabulun salo yake wari. Kuma tawul ba ya cire takarda ashirin da huɗu fes har da goge kwalba."

Ta gyara zama kan turmin.

"Ban zo tona ki ba. Rabin laifin ma nawa ne, ni na sa miki ƙyanƙyami, na san halinki sarai, na kuma ɓoye miki maganar ruwa don in nuna ni ake gaya wa. Ki riƙe bakinki. Ni na raine ta. Ta yi fushi da ni kan ɗan kunne, ta yi kan miji, ta taɓa wata biyu ba ta rubuto mini ba. Ta huce, za ta kuma hucewa. Ke in ta yi fushi da ke, ta wace hanya za ta dawo? Ba ku taɓa faɗa ba balle ku san shiri."

Ta tashi ta kakkaɓe zane. A ƙofa ta ce, "Kada ki sa mata yaji da yawa, tana da gyambon ciki. Ba za ta faɗa miki ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta fi ni ko a fushin yarinyar, tana da shi a ajiye har tana ba ni aro.

Juma'a, 23 ga Satumba, bayan Azahar

Kwana shida. Na so in cika bakwai. Allah na gani na so.

Asabar, 24 ga Satumba, bayan La'asar

Na faɗa. Da hantsi, tana bakin gado tana rubutu, Malam ya tafi kasuwa. Na nemi abin da zan gaya wa, tukunya ko tabarma, na ga wannan maganar ba tasu ba ce. Na tsaya gabanta na dube ta. Idanunta irin na babanta ne, ban sani ba sai yau.

Na ce, "Ni na wanke su. Cikin kwano, da sabulu. Ni na jiƙa tawul don a ce ita ce."

Ta miƙe, littafin ya faɗi.

"Kika zauna nan kina jan carbi ina ci wa Inna mutunci?"

Na ce i.

"Kwana bakwai ina cin tuwonki. Kika yi mini kitso." Ta kai hannu kanta kamar za ta tsefe. "Mi zai hana ki tambaye ni? Baki gare ki, kunne gare ni. Kalma ɗaya, a wanke ko kada a wanke. Shekarata ta tafi don kina jin kunyata? Wace irin kunya ce wannan da ba ta hana ƙarya?"

Muryarta ta kai zaure. Ta faɗi wasu abubuwan kuma, na tun tana ƙarama, na ranar da ta zo da sakamakon jarabawa na ce wa bango Allah ya sa albarka. Ba zan rubuta duka ba. Ban sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya, na ga ba ni da wannan hakkin yau.

Ta ɗauki mayafi ta fita. Na bi ta daga nesa har lungun Balaraba. Ta ƙofar da ba a rufe ba na ga ta durƙusa ta sa kai a cinyarta, ita kuma tana shafa kitson da na yi.

Lahadi, 25 ga Satumba, bayan La'asar

Ta dawo da hantsi da littafinta, ba gaisuwa. Ta jawo akwatin tsakar ɗaki ta ce, "Inna ta ce kin yi ta buɗe akwatin kina kallonsu. Zauna. Ke kika wanke, ke za ki tuna."

A littafin ta rubuta wace ke wane rami. Abin da ba ta sani ba shi ne kamannin kowace. Na rufe ido na bi jerin kamar tilawa. Mai tsagaggen murfi, ramin farko gefen randa. Masu baƙin murfi biyu, ƙarshen jeri na uku, mai guntun koko ce ta waje. Mai kumfa, jeri na biyu, ta huɗu.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Wannan fa?"

"Ina zato jeri na ɗaya."

"Ba na son zato."

"To ban sani ba."

Ta ce wannan ya fi. Har Azahar muna yi, tana tsawa ina amsawa, ido cikin ido. Tara muka samu waɗanda zan iya rantsuwa a kansu. Sha biyar sun tafi yadda ta faɗa. Ta kwashe duka ta koma can.

Talata, 27 ga Satumba, da hantsi

Kananzir ya dawo. An ce firijin ya tashi. Ba ta zo ba jiya, ba ta zo ba yau. Gindin randa ba kowa, sai shatin bulo.

Alhamis, 29 ga Satumba, bayan Azahar

Ta tafi. Wata abokiyar karatunta a kudu na da ɗakin bincike mai janareta, can za ta fara shukar.

Da safe ta shigo da gwangwanin madara a hannu. Ba ta durƙusa bakin ƙofa ba, kai tsaye ta wuce gindin randa ta aje. Ta ce taran nan ta raba irinsu cikin sababbin kwalabe, don in na hannunta sun lalace a hanya a samu madadin. Da jan farce ta rubuta lambar a jikin gilashin.

Ta ce, "Najasa ce ko ba najasa ba, ba ruwanki. Ba wanki, ba shafawa, ba addu'a a tofa. Yashin kawai za ki jiƙa. In wani abu ya shige miki duhu, ki sa Baba ya rubuto mini, da bakinki, ba da bakin tukunya ba. Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce."

Na ce na ji.

Na ce ta rage yaji. Ta tsaya da hannu kan labule kamar za ta ce wani abu, sai ta fita. Yaya Balaraba ce ta raka ta tasha.

Tara ne, na ƙirga ba tare da na taɓa ba. Firijin na aiki, amma nan ta kawo su.

Sai dai ban sani ba ko kashi biyu ta raba irin, ko uku har da na can. Gobe zan kai wa Yaya Balaraba fura, in ce ina son ruwan sanyi, in ga abin da ke cikin firijin.